Shagon tsofaffin kuɗi a Wuse: daga anini zuwa Murtala

A ranar Asabar da ta gabata na ziyarci wani ƙaramin shago a unguwar Wuse da ke Abuja, inda wani dattijo ke sayar da tsofaffin kuɗin Nijeriya, takardun a jere cikin gilashi, tsabar kuma a zube cikin kwanon sha. Tsarabar da zan kai wa mahaifina ce ta kai ni.

Kwanon nan ne ya fi tsayar da ni. Mun taso muna jin ana cewa “ko anini ba ni da shi”, amma sai a ranar na riƙe anini a tafin hannuna, ɗan ƙarami mai huda a tsakiya, wanda sai an tara goma ake samun kwabo guda. Da na ce, “Baba, waɗannan fa?”, sai ya jera mini taro da sisi da sule a kan tebur, ya bayyana cewa kwabo uku ne taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam ɗaya. Da wannan lissafi aka yi ta ciniki har zuwa 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta maye gurbin fam, aka canja kowane fam a kan naira biyu. Bayanin nasa kaɗai ya isa dalilin zuwa, domin bai gajiya da tambaya.

Shagon yana da rauni a wajen adana kaya. Babu rubutun da ke nuna shekarar kowace takarda, wasu sun ci ninki har kusurwoyinsu sun tsattsage, kuma farashin ba tsayayye ba ne, sai an yi ciniki sosai. Wanda bai san kan abin ba, zai iya biyan kuɗin tsohuwar takarda ya karɓi ta baya-bayan nan.

Na zaɓi naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammed, wadda aka fara fitarwa a 1977, ita ce kuma ta farko da ta ɗauki hoton ɗan ƙasa. Na nemi ta takarda, mai rubutun ajami, domin a 2007 aka cire ajamin daga naira biyar zuwa hamsin, aka kuma mayar da ashirin ɗin ta leda. Da na miƙa wa mahaifina, bai fara duban hoton ba. Yatsa ya ɗora a kan ajamin, ya karanta “naira ashirin” a bayyane, sannan ya tambaye ni ko dattijon yana da sauran sule.