Bene na shida a Dallas: kuɗin tikitina bai tafi a banza ba

Shekara huɗu ina ratsa Dallas da babbar mota, ban taɓa leƙa Sixth Floor Museum, gidan tarihin kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, ba sai da ɗan yayata ya zo hutu ya tasa ni gaba. Ta intanet muka sayi tikiti, da lokacin shiga a jiki, don haka ba mu sha layi ba. Bayanin da ake saurara ta kunne a tsanake yake. Ni da na tsinci Turancina a bakin aiki ma na bi shi tsaf.

Ginin tsohon ma'ajin littattafan makaranta ne a titin Elm. Kusurwar da Oswald, wanda hukuma ta ce shi ya harbe Kennedy, ya laɓe ranar 22 ga Nuwamba 1963 an kewaye ta da gilashi, an jera kwalaye yadda aka same su. Ba a shiga, amma tagogin gefenta na kallon titin da motar Kennedy ta bi. Kusancin ne ya daskarar da ni. Rabona da jin haka tun ranar da na tsaya gaban motar Murtala a gidan tarihi na Onikan a Legas ina ƙirga hujin harsashi.

A bakin tagar muka kaure da gardama. Lokacin da aka harbe Kennedy, kashe shugaban ƙasa ba laifin tarayya ba ne, sai 1965 majalisa ta mayar da shi haka. Wanda ya yi yunƙurin kisan bai yi nasara ba kuwa, alƙali ke zaɓar masa shekaru, har zuwa rai da rai. Yaron ya ce, "Kawu, wannan ai sakaci ne. A yanka musu adadin da alƙali bai isa ya rage ba." Ya kawo Lynette Fromme da ta nuna wa Shugaba Ford bindiga a 1975, aka ce rai da rai, ta fito a 2009. Ya ƙara da Hinckley.

Na ce ɗana, Hinckley da ya harbi Shugaba Reagan a 1981 taɓin hankali ya wanke shi, dokarka ba za ta taɓa shi ba. Oswald kwana biyu ya ƙara a duniya, ba a kai ga yi masa shari'a ba. Wanda ya harbi Trump a garin Butler a 2024 a kan rufin aka bar shi kwance. Ban ga alamar mai hawa irin wannan taga yana lissafin shekarun kurkuku ba. Kan Fromme dai na yi shiru.

Awa biyu muka yi, ba mu gundura ba. Ƙorafina a waje yake: masu tallan jaridun "asirin kisan" da ba sa jin a'a, da masu faɗawa tsakiyar titi don hoto a kan alamar X da ke nuna inda aka harbi Kennedy, alhali motoci na gudu. Wanda zai je da yara, ya riƙe hannunsu gam.