Real COM ko TCP Server: Wanne Ya Fi Dacewa da Tsohon Sikeli?

A wasu sitocin Yamai ana amfani da sikelin lantarki mai tashar RS-232 (tsohon nau'in mahaɗin waya da ake jona na'ura da kwamfuta da shi), wadda wayarta ba ta cika wuce mita 15 ba, don haka akan haɗa shi da ƙaramar na'ura irin NPort ta kamfanin Moxa domin awon ya isa kwamfutar ofis ta hanyar sadarwa. Ana iya saita wannan na'ura ta yi aiki a tsarin Real COM ko a tsarin TCP Server.

A tsarin Real COM, ana girka direba, wato ƙaramar manhaja da ke haɗa kwamfuta da na'ura, a kwamfutar, sai ta ɗauka cewa sikelin yana jone da ita kai tsaye ta tashar COM (mahaɗin RS-232 na jikin kwamfuta), kuma tsohuwar manhajar awo ta ci gaba da aiki ba tare da an taɓa ta ba. Matsalarsa ita ce duk lokacin da aka canza kwamfuta, dole a sake girka direban da saitinsa.

Tsarin TCP Server kuwa ba ya buƙatar direba: na'urar tana jira a adireshin IP ɗinta (lambar da ake gane ta da ita a hanyar sadarwa), galibi a tashar sadarwa mai lamba 4001, har manhaja ta neme ta. Sai dai wajibi ne manhajar ta iya magana da TCP (ƙa'idar aika bayanai a hanyar sadarwa), kuma ta san yadda za ta sake haɗuwa idan wuta ta ɗauke ta dawo. Wanda bai da mai gyara masa manhaja, a ganina, gara ya tsaya ga Real COM.