MemoryLayout na Swift: awon daidai ne, sunan ne da tarko

Masu rubuta manhajar iPhone a Abuja, musamman masu haɗa waya da ƙananan firintocin rasit ta Bluetooth, ko ba daɗe ko ba jima sai sun ci karo da MemoryLayout, ma'aunin wurin da bayanai ke ci a ƙwaƙwalwar na'ura a yaren shirye-shirye na Swift. Ya zo da Swift 3 a 2016, ya tattara tsofaffin sizeof, strideof da alignof ƙarƙashin inuwa ɗaya: size, stride, alignment.

Ɗauki struct (ƙunshin bayanai mai filaye) mai Int64 (lamba mai bayit 8) a gaba, Bool (e ko a'a, bayit 1) a baya. size zai ce bayit 9, alignment 8, stride kuwa 16. Kamar rumfunan Kasuwar Wuse ne: size shi ne wurin da kaya suka ci, stride tazarar da ke tsakanin bakin wannan rumfa da bakin ta gaba, alignment kuwa lambar da dole adireshin bakin kowace rumfa ya rabu da ita daidai. Yaren C bai damu da bambancin size da stride ba, 16 sizeof zai ba ka, har da cikon bayit 7 da ba komai a ciki.

Raba su da aka yi ya yi kyau. Amma wanda ya taso a C, size hannunsa zai fara kaiwa, alhali stride ne ɗan'uwan sizeof. Ka ware wa abubuwa 100 wuri da size, bayit 900 ka samu maimakon 1600. Tun daga abu na 57 ka shiga gonar wani kana rubutu. Abin haushin, gwaji da Int ko Double ba ya tona asirin, don size da stride ɗinsu duka 8 ne. Mafita: yi amfani da allocate(capacity:) na UnsafeMutablePointer, shi da kansa yake lissafi da stride.

size(ofValue:) ma yana yaudarar sabon shiga. Array (jeri) mai abu miliyan, 8 zai ce a na'urar 64-bit, String kuma 16, domin marikin yake aunawa ba kayan ba.

offset(of:), mai faɗin inda fili yake farawa a cikin struct, ya biyo baya a Swift 4.2, yana mayar da nil idan filin ba ajiyayye ba ne. Sai dai Swift bai yi alkawarin jerin filaye ba, saboda haka saƙon da za a tura wa firinta a fayil ɗin C ake bayyana tsarinsa, ko a jera bayit ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Gwada duk wannan ba sai an je kasuwar na'urori ta Banex neman MacBook ba. Swiftc, manhajar da ke fassara rubutun Swift ga na'ura, kyauta ne, yana aiki a Ubuntu, wani nau'in Linux.