Gargaɗi kan masu tallar maganin kansar furostet a WhatsApp

Jama'a, don Allah a yi hattara da masu tallar wasu ƙwayoyi a WhatsApp da Facebook, wai suna "toshe sinadarin da ke sa kansar furostet girma" cikin wata guda. Furostet wata ƙaramar gaɓa ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Za ka ga mutum sanye da farar riga irin ta likitoci, bayansa zane da kibiyoyi, yana ta ambaton IGF-1 da VEGF. Daga nan sai a ce ka tura kuɗi tukuna, kuma ka dakatar da allurar asibiti don wai tana hana nasu aiki. Wannan sharaɗin shi ya fi tayar mini da hankali.

Sinadaran da suke ambata akwai su. IGF-1 yana umartar ƙwayoyin jiki su hayayyafa, VEGF kuma yana sa a shimfiɗa wa ƙari sababbin jijiyoyin jini. Amma kansar nan da sinadarin maza, wato testosteron, ta fi dogara. Tun 1941 wani likita, Charles Huggins, ya nuna haka a Amurka, shi ya sa ake yi wa majinyaci allura irin Zoladex don a rage shi. Wanda ya bar allurar ya sakar wa ciwon mara.

Toshe VEGF ɗin ma an gwada. An haɗa Avastin, maganin da ke toshe VEGF, da docetaxel, maganin kashe ƙwayoyin kansa, ga masu kansar da ta yi nisa, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna bai ƙara musu tsawon rai ba, wataƙila domin in an toshe wa kansa hanya ɗaya sai ta bi wata. Abin da ya gagari wannan babban gwaji, kwalbar da ba a san wanda ya haɗa ta ba ce za ta yi?

An taɓa yin haka a Amurka da PC-SPES, wanda aka sayar a matsayin haɗin ganye zalla. A 2002 aka janye shi, bayan an gano magungunan asibiti a ciki, har da warfarin mai tsinka jini.

In mahaifinka ko mijinki ya riga ya saya, kada a yi masa faɗa, tsoro ne ya kai shi. A ɗauki kwalbar a kai wa likitansa, a sake gwajin PSA, wato gwajin jinin da ake bibiyar kansar furostet da shi, a kuma kai ƙarar mai tallar wurin NAFDAC.