Buhun PICS na ajiyar wake: inda ya biya da inda yake ba da kunya

Duk wanda ya ajiye wake daga kaka zuwa bazara a buhun da aka saba ya san abin da yake tararwa: wake duk huji, gari a ƙasan buhu. Ƙwaron tun daga gona ake shigo da shi, ƙwansa na manne a jikin waken, shi ya sa share ɗakin ajiya kaɗai ba ya magani. Wannan matsala ce ta kai wasu ga zuba fiya-fiya a cikin abinci, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Buhun PICS, wato buhun ajiya mai hana iska shiga, ya fito ne daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka fara a arewacin Kamaru, aka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, kowace kaurinta maikron 80 (ma'aunin kaurin leda ke nan), sai buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin 100. Babu magani ko kaɗan a jikinsa. In an ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su bushe su mutu. A nan buhun ya ci sunansa: wake yakan yi wata shida ko fiye yana yadda aka zuba shi, a buɗe yau a dafa yau, kuma iri ma yana tsira lafiya.

Sai dai buhu ne da ba ya yafe ganganci, kuma yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba a wajen ɗauri suka faɗi. Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda ta cika da iska, a riƙe bakinta a matsa. In tana sacewa, ta huje, a ajiye ta gefe. A sheƙe waken sosai, domin tsinken kara ko tsakuwa ɗaya ya isa ya yaga leda. A fara zuba kamar mudu biyu a leda ta ciki don ta zauna, a zura ta cikin ta biyu, sannan cikin buhun saƙa. Ana zubawa ana jijjigawa. Kada a cika fal, a bar wuyan da za a kama. A matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko roba. Ta biyu ma haka, ta waje ma haka, kowace da nata ɗaurin. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri guda don sauri, kuɗinsu suke zubarwa.

Danshi shi ne babban abokin gaba. Waken da bai bushe ƙarau ba, in aka rufe shi, fumfuna zai yi ya yi tsami. Gwajin mai sauƙi ne: a sa ɗan wake da cokalin busasshen gishiri a kwalbar da ba ta da ruwa, a girgiza, a bari ya ɗan jima. Gishiri ya manne a jikin kwalba, to a mayar da waken shanya.

Ɓera da gafiya kuwa, buhun ba shi da yadda zai yi da su. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, ba cikin rana ba. Ɗan dako mai ƙugiya kada ma ya matso. Yawan buɗewa ana ɗiba shi ma yana shigar da sabuwar iska, don haka na cefanen gida a ware shi daban a jarka.

Ya fi buhun da aka saba tsada sosai, kuma kasuwa ta cika da jabu masu siririyar leda. A duba tambarin, a taɓa kaurin da hannu, a saya wajen dillalin kayan gona da aka sani. Idan ledojin ba su huje ba yana yin kaka uku, a nan ne kuɗin ke fita. Wanda zai sayar da wakensa cikin mako biyu ko uku ba ya buƙatarsa. Mai jiran farashi ya tashi kuwa, ko mai ajiye irin baɗi, gara ya saya tun kafin kaka, don a lokacin girbi buhun na gaske yakan yi wuyar samu a kasuwannin ƙauye.