Shekara Guda da Na'urar Hangen Taurari Mai Inci 8 a Bauchi

Na fara kallon sararin samaniya ne da tabaran hangen nesa mai ido biyu, irin wanda ake rubuta wa 10x50, daga baya na sayi ƙaramar na'ura mai faɗin baki milimita 70, wadda na yi shekara uku ina kafa ta a tsakar gidanmu da ke Yelwa. Ta nuna mini ramukan da ke fuskar wata, ta kuma nuna mini manyan watanni huɗu na duniyar Mushtari, waɗanda Galileo ya fara gani a watan Janairun 1610, amma duk lokacin da na juya ta wajen wani abu mai dishi-dishi sai in ga ɗan tabo kawai. Wannan ne ya kai ni ga sayen babbar na'ura mai madubin inci 8, ƙirar da ake kira Dobsoniyan, kuma yanzu da ta cika shekara a hannuna na ga ya dace in bayyana abin da na samu a cikinta.

Ƙirar tana da sauƙin fahimta. Doguwar ganga ce ta ƙarfe, a gindinta akwai madubi mai lotsawa wanda yake tara haske ya mayar da shi zuwa wani ƙaramin madubi a kusa da baki, shi kuma ya karkato shi zuwa gilashin da ake ɗora ido a gefe. Isaac Newton ne ya fito da wannan tsari a 1668, sannan wani Ba'amurke mai suna John Dobson ya yaɗa dabarar ɗora gangar a kan akwatin katako mai juyawa a shekarun 1960, domin talaka ma ya iya mallakar babban madubi. Kamfanoni da dama suna ƙera ta a yau da awo kusan iri ɗaya: faɗin madubi milimita 200, wato kimanin inci 8, nisan tattara haske milimita 1200. Tawa ta zo da gilashin ido biyu, na milimita 25 mai kusanto da abu sau 48, da na milimita 10 mai kusanto da shi sau 120.

Mai shirin saye ya kamata ya san cewa faɗin madubi shi ne ƙarfin na'ura, ba adadin kusantowar da ake bugawa da manyan lambobi a jikin kwali ba. Madubin milimita 200 yana tara hasken da ya ninka na tsohuwar na'urata sau takwas da ɗoriya, kuma a ido wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Daren farko da na juya ta wajen gajimaren taurari na Oriyon, wanda yake hawowa can sama a dararen hunturu, na ga ya buɗe kamar fukafukai, da ƙananan taurari huɗu a tsakiyarsa kowanne a rabe. A jikin Mushtari na ga ratsi biyu masu duhu sarai, wani dare ma na bi inuwar ɗaya daga cikin watanninta tana ratsa fuskarta. Zoben da ya kewaye duniyar Zuhal kuwa na same shi siriri, domin a watan Maris na 2025 ya juyo mana da gefensa, kuma zai ɗauki shekaru yana sake buɗewa a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da matsayin garinmu ya ba mu kyauta. Bauchi tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka muna ganin yawancin taurarin kudu waɗanda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba. A wani daren watan Mayu, bayan ruwan farko ya wanke ƙura, na fita da na'urar wajen gari ta hanyar Dass, na nemo dunƙulen taurarin nan da ake kira Omega Sentauri, wanda haskensa yake tafiyar shekara kimanin 17,000 kafin ya iso gare mu. A tsohuwar na'urata kamar ɗigon auduga yake, amma a wannan sai ya tarwatse ya zama taurari ba iyaka, kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Wani dattijo da ya tsaya kallona ya ɗora ido, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Malam, duk wannan a wuri ɗaya? Tsarki ya tabbata ga Allah." Ban sami abin da zan ƙara a kan maganarsa ba.

Wata falalar da ta dace da halin da muke ciki ita ce na'urar ba ta buƙatar wutar lantarki ko batir, da hannu ake tura ta sama da ƙasa, dama da hagu. Ɗaukewar wuta ma taimako ce, domin unguwa tana yin duhu sama ta ƙara fitowa. Manhajar Stellarium da ke wayata, mai nuna taswirar taurari, ta wadatar wajen sanin inda kowane abu yake.

Sai dai akwai nauyin da mai ita zai ɗauka, kuma nauyi ne na zahiri. Gangar da akwatinta sun kai kilo 20 ko fiye, tsawon gangar ya haura mita ɗaya, don haka sau biyu ake ɗaukar ta, kuma kujerar bayan mota gaba ɗaya take cinyewa. Wanda yake zaune a bene, ko wanda babur ne abin hawansa, ya yi nazari sosai kafin ya biya kuɗi. Na so in sayi mai inci 10, wadda take tara hasken da ya zarce na wannan da fiye da rabi, amma yanzu na gode wa Allah da ban yi ba, domin na tabbata da ta fi yawan kwana a lungun ɗaki.

Madubin kuma yana son kulawa. Girgizar hanya tana sa madubai biyun su kauce wa juna, sai an daidaita su da ƙananan kusoshin da ke gindin gangar da kuma kusa da bakinta, aikin da ya ci mini kusan sa'a guda a karon farko amma yanzu bai wuce minti biyar ba. Ana kuma fitar da ita waje kamar rabin sa'a kafin a fara kallo, musamman a bazara lokacin da ɗaki ya sha zafin rana, in ba haka ba hoton zai riƙa rawa kamar ana kallonsa ta saman murhu. Tunda ba ta da injin bin taurari, juyawar duniya tana fitar da abu daga gilashin milimita 10 cikin ƙasa da minti biyu, sai an riƙa turawa kaɗan-kaɗan, kuma saboda wannan ba ta dace da ɗaukar hotunan abubuwa masu dishi-dishi ba. Gilashin milimita 10 ɗin ma yana matse ido, shi ne abu na farko da na canza.

Babban abokin hamayyarta a nan shi ne yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana iya rufe sama na kwanaki, kuma babu girman madubin da zai huda shi, ga ƙurar da take shiga buɗaɗɗen bakin ganga ta kwanta a kan madubi. Ina rufe bakin da gindin duka, in lulluɓe ta da zane, kuma ba na goge madubin da tsumma ko kaɗan, domin shafen alminiyon da ke fuskarsa yana karcewa cikin sauƙi. A Yuli da Agusta gajimare ne yake hanawa. Dararen da suka fi yi mini kyau su ne na ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sai kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama. Akwatin katakon shi ma ba ya son laima ko gara, shi ya sa nake ajiye shi a kan bulo biyu.

Mutane da yawa sun tambaye ni ko za ta taimaka wajen duban jinjirin watan Ramadan. Tana nuna shi idan an same shi, amma filin da take gani ƙanƙane ne, don haka tabarau mai ido biyu ya fi ta saurin lalubo shi a yamma, kamar yadda ya fi ta nuna Kaza da 'Ya'yanta gaba ɗaya. Kuma ko da wace na'ura ce, kada a ɗaga ta sai rana ta faɗi sarai, domin kallon rana ta cikinta yana makantar da ido nan take.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, shawarata ita ce ya yi damina ɗaya da rani ɗaya da tabarau yana koyon sama tukuna. Wanda ya riga ya wuce wannan mataki, yana da tsakar gida ko filin da zai kafa ta, da motar da za ta kai shi wajen gari lokaci-lokaci, mai inci 8 ta cancanci kuɗinta. Ya tuna kawai cewa daga ƙasar waje ake kawo ta a manyan kwalaye biyu, saboda haka ya haɗa kuɗin dako da na kwastan cikin lissafinsa tun farko, kuma ya buɗe kwalin ya duba madubin a gaban wanda ya kawo masa kafin ya sa hannu.