Breitner da Isaac Israëls: fensir biyu, titi ɗaya

Ɗan uwa ka tambaya wai meye bambancin zanen fensir na Breitner da na Isaac Israëls tunda duk 'yan Holan ne kuma duk mutanen titi suke zanawa. To abokan juna ne kam, dukansu sun tare a Amsterdam wajen 1886, lokacin garin na cika yana batsewa, tsakanin 1870 da 1900 jama'arsa ta kusa ninkawa har ta haura rabin miliyan, ko'ina gini ake yi, 'yan mata na barowa ƙauye suna shiga aikatau gidajen masu hali.

Shi Breitner haifaffen Rotterdam ne, 1857, kuma tun 1882 yake zaga unguwannin talakawa a Hague tare da mai zane Van Gogh suna zana masu zaman jiran jirgi a tasha da masu layin karɓar abincin sadaka. Da bakinsa yake cewa so yake ya zama mai zanen talakawa. Layinsa kauri gare shi, ga duhu, za ka ga leburori na kafa turakun gini cikin laka, dawakai na jan kaya, 'yar aiki da farar hula ta gifta da sauri ko fuskarta ba ta fito ba, kamar garin ne ya haɗiye ta.

Israëls kuwa, an haife shi 1865, a gidan zane ya tashi, babansa Jozef ya yi suna wajen zana masunta da iyalansu. Hannunsa ya fi sauƙi, layi uku huɗu ya kama tsayuwar mutum. Yana shiga gidajen rawa na titin Zeedijk a Amsterdam, daga wajen 1900 kuma ya samu shiga gidan ɗinkin Hirsch da ke dandalin Leidseplein, yana zana 'yan mata sunkuye kan allura suna ɗinka rigunan da albashinsu ba zai saya ba. Wallahi waɗannan ne suka fi taɓa ni, don kowace da irin zamanta da irin gajiyarta, sai ka ji kamar ka san ta.

In nauyin aiki da sanyi da taɓon garin kake son gani, Breitner ya fi. In mutumin kansa kake nema, ni dai Israëls zan miƙa maka. Kuma ka lura in ka leƙa zanukansu da ke Rijksmuseum, gidan adana zane-zane da kayan tarihi na Amsterdam, da yawan waɗanda za ka ɗauka fensir ne baƙin alli ne, shi ya sa layin ke yin taushi haka.